Lambar da ke gefen shafin Farawa

A tsakiyar shekarun 1920 ne Turawan mishan suka kafa zango a Zuru, ƙasar Dakarkari, ko Lelna kamar yadda masu ƙasar ke kiran kansu. Ƙungiyarsu ita ce United Missionary Society, wadda wasu ikkilisiyoyin Amurka da Kanada suka kafa a 1921, kuma daga aikinta ne aka sami ikkilisiyar UMCA da ake gani yau a Zuru da Salka da Tungan Magajiya har zuwa Ilori. Wani ɗan Kanada mai suna A. W. Banfield ne ya share musu hanya, don tun 1905 ya kafa zango a Tsonga ta ƙasar Nufe. Daga bakin Kwara suka riƙa matsowa arewa, suka tsaya a Salka wajen Kambari, sannan Paul Ummel da abokan aikinsa suka iso Zuru. Sun tarar da mutane da addininsu na gado, da bikin Uhola, da samari masu noman golmo a gonar surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. Su kuwa baƙin littafi suka kawo, wanda shafinsa na farko ke ba da labarin yadda Allah ya yi sama da ƙasa cikin kwana shida.

A daidai lokacin nan, can ƙasarsu, wannan shafin ne ya kai mutane gaban alƙali.

A watan Maris na 1925 jihar Tennessee ta yi doka, ta hana malamin makarantar gwamnati koyar da cewa ɗan Adam ya samo asali daga wata dabba. Wata ƙungiyar kare 'yancin jama'a da ke New York ta buga sanarwa a jarida, tana neman malamin da zai yarda a kai shi kotu don a gwada ƙarfin dokar. Akwai wani ƙaramin gari a jihar, Dayton, mai mutum wajen 1,800, wanda kasuwarsa ta yi sanyi. Manyan garin suka haɗu a kantin maganin Robinson, suka ga ai ga hanyar da sunan garinsu zai fito. Aka aika kiran John Scopes, saurayi ɗan shekara 24 mai horar da 'yan ƙwallon makaranta, wanda ya taɓa riƙe ajin ilimin halittu da malamin ajin ba ya nan. Aka tambaye shi ko ya yarda a tuhume shi, ya ce ya yarda. Daga baya shi da bakinsa ya ce bai ma tabbata ya koyar da darasin ba.

Dabarar ta ci fiye da yadda suka zata. William Jennings Bryan ya zo ya tsaya wa masu ƙara. Shi ne mutumin da ya nemi shugabancin Amurka har sau uku, a 1896 da 1900 da 1908, ya kuma riƙe ministan harkokin waje, ga shi mai wa'azin da ba a gajiya da saurarensa. Ɗaya ɓangaren kuma Clarence Darrow ya zo, lauyan da ya fi kowa suna a ƙasar, wanda bai ɓoye cewa shi ba mai bi ba ne. 'Yan jarida suka cika gari, gidan rediyon WGN na Chicago ya watsa shari'ar kai tsaye, abin da ba a taɓa yi ba a Amurka. Masu talla suka kafa rumfuna, har da masu yawo da birai ana kallo.

A nan ya kamata a yi wa Bryan adalci, don jaridun lokacin sun mai da shi abin dariya, kuma haka tarihi ya fi riƙe shi. Mutumin ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma yi imani cewa koyarwar mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, da wasu suka rataya wa Darwin, mai ra'ayin nan na asalin ɗan Adam daga dabba, tana cikin abin da ya hure wa hafsoshin Jamus kunne. Littafin da ake rigimar a kansa ma, wanda George Hunter ya rubuta a 1914, ya jera launukan 'yan Adam hawa-hawa, ya ɗora farar fata a ƙoli, ya kuma yi maganar hana wasu iyalai haihuwa don a gyara iri. Baƙar fatar da ya karanta wannan shafin ba zai yi saurin cewa duk gaskiya tana ɓangare ɗaya ba.

Ran Litinin 20 ga Yuli zafi ya yi tsanani, kuma ana tsoron kada daɓen benen kotun ya rufta saboda cunkoso. Alƙali John Raulston ya sa aka fito da zaman waje, ƙarƙashin itatuwa. Tun da farko ya hana masana kimiyya ba da shaida, saboda haka sai Darrow ya yi abin da ba wanda ya yi tsammani. Ya nemi a kira Bryan kansa, lauyan abokan hamayya, ya ba da shaida a matsayin masanin Littafi Mai Tsarki. Bryan bai ja da baya ba. Wajen sa'a biyu Darrow yana jefa masa tambayoyi: kifin da ya haɗiye Yunusa, ranar da ta tsaya wa Joshuwa, inda Kayinu ya samo mata. Har suka zo kan shekarun duniya. Darrow ya tuna masa cewa a Littafi Mai Tsarki na Turanci da ke hannun jama'a an buga shekarar halitta, 4004 kafin haihuwar Almasihu. Bryan ya ce wannan lissafin wani mutum ne, shi ba zai rantse a kansa ba.

Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya buɗe Farawa, da Hausa ko da kowane harshe, ba zai ga shekara a cikin ayoyin ba. Lambar a gefen shafi take, kuma mai ita shi ne James Ussher, babban bishop na Armagh a Ailan, wanda ya buga lissafinsa da Latin a 1650. Ussher ba mai shaci-faɗi ba ne, yana cikin manyan malaman zamaninsa. Ya ɗauki sura 5 ta Farawa ya yi ta tarawa: Adamu yana da shekara 130 ya haifi Shitu, Shitu yana da 105 ya haifi Enosh, haka har zuwa Nuhu, aka tashi da shekara 1,656 daga halitta zuwa ruwan Tsufana. Ya bi sura 11 zuwa Ibrahim, ya bi shekarun sarakunan Isra'ila da Yahuza, inda lissafin ya fara sarƙewa. Da zaren Tsohon Alkawari ya ƙare, sai ya ɗaure shi da mutuwar Nebukadnezzar, ya koma ga tarihin Babila da Farisa da Girka da Rum. Hudun da ke kan dubu huɗun kuwa ta fito ne daga sanin cewa Hirudus ya mutu shekara 4 kafin farkon kalandar da ake amfani da ita, don haka dole a ja haihuwar Yesu baya. A ƙarshe ya tsai da magana a kan daren da ya gabaci Lahadi 23 ga Oktoba, 4004.

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan lissafi ba, kuma ba su taɓa haɗuwa a kan lamba ɗaya ba. Kalandar Yahudawa ta fara daga 3761. Tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari ta ba Adamu shekara 230 kafin haihuwar Shitu, shi ya sa ikkilisiyoyin da suka bi ta, irin su ta Habasha, suka tashi da wajen shekara 5,500. Abin da ya ɗaukaka na Ussher shi ne aikin maɗaba'a. A 1701 aka buga wani Littafi Mai Tsarki na Turanci a ƙarƙashin kulawar Bishop William Lloyd, aka sa shekarun Ussher a gefen shafuka, masu bugawa na baya suka yi ta kwafa fiye da shekara 200. Wanda ya yi karatun zaure ya san bambancin matani da hashiya, ya san abin da ke tsakiyar shafi daban, abin da wani malami ya ƙara a gefe daban. Manomin Tennessee da ke karanta wa iyalinsa sura bayan cin abinci ba wanda ya yi masa wannan bayani. Tawada ɗaya ya gani, takarda ɗaya, bango ɗaya.

Sai Darrow ya kawo tambayar da har yau ake tunawa. Ya ce kwanaki shidan nan, masu sa'a 24 ne? Ya kuma tuna masa cewa sai a rana ta huɗu aka halicci rana, to da me aka auna safiya da maraice na ukun farko? Bryan ya amsa a gaban dubban mutane cewa shi a ganinsa ba kwanaki ne masu sa'a 24 ba, zamanai ne, kuma ga Allah duk ɗaya ne ko kwana shida ne ko shekara miliyan 600. Jagoran masu kare Littafi Mai Tsarki ke nan, a ranar da duniya ta zuba masa ido. Washegari masu taya alƙali hukunci suka shiga ɗaki, cikin minti 9 suka fito suka ce Scopes ya yi laifi, aka ci shi tarar dala 100. Bayan kwana biyar Bryan ya kwanta barcin rana a nan Dayton, bai tashi ba. A 1927 babbar kotun jihar ta soke hukuncin saboda kuskuren ƙa'ida, dokar kuma ta zauna har 1967.

An sha ba da labarin kamar Darrow ne ya matse shi har bakinsa ya suɓuce. Ba haka ba ne, abin da Bryan ya daɗe yana riƙe da shi ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Tambayar rana ta huɗu ma ta girme su duka da shekara fiye da 1,600. Origen na Iskandariya a Masar ya yi ta tun ƙarni na 3. Agustin, ɗan garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya yi shekaru yana rubuta sharhin Farawa bisa ma'anarta ta zahiri, amma ya ƙare da cewa Allah ya yi kome a lokaci guda, kwanakin kuwa hanyar bayani ce ga mutum. Ya kuma gargaɗi Kirista da kada su riƙa faɗin shirme a kan taurari da ƙasa da sunan Littafi, har wanda ya san abin ya raina Littafin. Luther da Calvin sun saɓa masa, sun tsaya a kan kwanaki na sosai. Amma da masana duwatsu na ƙarni na 19, waɗanda da yawansu limaman coci ne, suka ga kaurin shimfiɗun ƙasa, sai akasarin masu ra'ayin riƙau suka rungumi ɗaya daga mafita biyu. Wasu suka ce kowane kwana zamani ne mai tsawo, ra'ayin Bryan ke nan. Wasu suka ce tsakanin aya ta 1 da ta 2 akwai tazarar da Allah kaɗai ya san tsawonta.

Wannan ta biyun ce Cyrus Scofield ya sa a bayanan Littafi Mai Tsarkinsa mai sharhi, wanda Oxford ta buga a 1909 aka sabunta a 1917, littafin da ya zama abokin tafiyar ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki da 'yan mishan na wannan zamani. Abin mamaki, bugun 1917 na ɗauke da 4004 a shafin farko, a ƙasan shafin kuma ga bayanin da ya bar wa duwatsu duk shekarun da suke so. Haka nan jerin ƙasidu 90 da ake kira The Fundamentals, waɗanda attajiran man fetur Lyman da Milton Stewart suka biya aka raba kyauta ga fastoci da 'yan mishan tsakanin 1910 da 1915, kwafi wajen miliyan 3. Marubutansu irin su James Orr sun kare Littafi da duk ƙarfinsu, kuma sun yarda duniya tsohuwa ce ƙwarai. Wannan ita ce iskar da ake shaƙa a ikkilisiyoyin bishara na Amurka da Kanada a shekarun da ake gina ɗakin sujada na farko a Zuru.

To, daga ina aka samo koyarwar da yau mutane da yawa ke ɗauka ita ce ta kaka da kakanni, wato kwana shida masu sa'a 24, duniya 'yar shekara 6,000, da ruwan Tsufana da ya shimfiɗa kusan duk duwatsun da ke ɗauke da ƙasusuwa? Sunan mai ita ya fito a Dayton, a ƙarƙashin itatuwan nan. Da Darrow ya nemi Bryan ya ambaci masanin kimiyyar da yake girmamawa, sai ya ambaci George McCready Price, Darrow ya watsar da sunan da izgili. Price ɗan Kanada ne, an haife shi a 1870, ya yi tallar littattafan addini, ya yi koyarwa, ilimin duwatsu kuwa da kansa ya koya wa kansa daga littattafai. Ɗan ikkilisiyar Adventist ne, masu sujada ran Asabar, kuma a wurinsu maganar ba ta da sassauci. In kwanakin halitta zamanai ne, ina hujjar kiyaye rana ta bakwai? Jagorarsu Ellen White ta rubuta a 1864 cewa an nuna mata a wahayi makon halitta mako ne kamar kowane mako, kuma Tsufana ce ta binne dabbobin da ake tonowa. Price ya ɗauki wannan ya yi masa rigar kimiyya. A 1906 ya sa ladan dala 1,000 ga duk wanda zai tabbatar masa wani ƙashin dutse ya girmi wani, a 1923 kuma ya fitar da The New Geology, mai shafi fiye da 700. Bryan ya gayyace shi Dayton, yana Ingila bai zo ba. Bryan ya yaba masa ne saboda yana yaƙar Darwin, alhali a kan shekarun duniya hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Irin duwatsun da ake gardamar a kansu muna da su a gida. A 1930 W. E. Swinton na gidan tarihin halittu na Landan ya wallafa bayani a kan ƙasusuwan da aka tono a Lardin Sakkwato. Cikinsu har da na wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Goronyo, ake ce mata Goronyosaurus. Dutsen da kamfanin siminti ke fasawa a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun teku, a wurin da yau ya yi nisan ɗaruruwan kilomita da ruwan gishiri. Price zai ce ga shaidar Tsufana nan ƙiri-ƙiri. Masana duwatsu kuwa sun ce wani siririn teku ne ya ratsa Sahara ya kwanta a kwarin Sakkwato wajen shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, kuma hujjarsu ta fi nauyi: shimfiɗun a jere suke, kowace da irin halittunta, laka mai laushi ta kwanta a hankali yadda ambaliyar shekara guda ba ta iya yi. Duwatsun da Zuru ke zaune a kansu sun ma fi waɗannan tsufa nesa ba kusa ba, shekarunsu sun haura miliyan 500 bisa awon ma'adinan da ke cikinsu. Shekara biyu bayan rubutun Swinton, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru. Daga nan mai bi a Zuru ko Dabai ya sami damar karanta Farawa da idonsa, a harshen da yake ciniki da shi a kasuwa.

Ra'ayin Price ya zauna a gefe kusan shekara 40, 'yan kaɗan ne ke riƙe da shi a wajen ikkilisiyarsa. Abin ya juya ne bayan 1954, da wani malamin tauhidi mai suna Bernard Ramm ya rubuta littafi yana kiran masu bishara su daina faɗa da ilimin duwatsu, su ɗauki Tsufana a matsayin ambaliyar wani yanki. Wannan ya harzuƙa John Whitcomb, matashin malamin Tsohon Alkawari a Winona Lake ta jihar Indiana. Garin nan tafiyar sa'a guda ce a mota daga Elkhart, inda hedkwatar ikkilisiyar da ta aiko 'yan mishan Zuru take a lokacin. Whitcomb ya nemo injiniyan ruwa Henry Morris, suka rubuta The Genesis Flood. Maɗaba'ar Moody, da ke kan gaba wajen buga littattafan masu bishara, ba ta buga shi ba, sai wata ƙarama ce ta fitar da shi a 1961. Ginshiƙin hujjarsu na Price ne, amma sun rage ambaton sunansa ƙwarai, don sun san masu karatunsu ba za su so jin ƙanshin Adventist ba. Masanin tarihi Ronald Numbers, wanda shi ma a gidan Adventist ya tashi, shi ya bi sawun wannan zare dalla-dalla. Price ya rasu a 1963, shekarar da aka kafa wata ƙungiya ta masana masu bin wannan tafarki.

Idan aka lissafa, ikkilisiyar Zuru ta girmi littafin Whitcomb da Morris da shekara fiye da 30. An yi wa mutane baftisma, an ɗaura aure, an binne dattawan masu bi kafin ya fito. Sai daga baya koyarwar ta biyo littattafai da kaset da darussan makarantun tauhidi, yanzu kuma wayar hannu, ta shigo ana yi mata kallon tsohuwa. Katolika da ke gari ɗaya, masu karanta Farawa ɗaya, ba su bi ta nan ba. Tun 1950 Paparoma Pius na 12 ya ce ana iya binciken asalin jikin mutum muddin an riƙe cewa rai daga Allah yake. Ɗan sakandare a Zuru kan fito daga ajin ilimin addinin Kirista inda aka karanta kwana shida, ya shiga ajin ilimin halittu inda Lamarck da Darwin ke cikin manhajar WAEC, ya rubuta jarrabawar duka biyun. Sau da yawa ba wanda ke gaya masa cewa Kirista masu tsoron Allah sun daɗe da hanyoyi fiye da ɗaya na riƙe biyun, kuma wannan rashi ne a gare shi.

Whitcomb da Morris kansu ba su karɓi 4004 ba. A ƙarshen littafinsu sun yarda cewa jerin zuriyar da ke sura 11 na iya tsallake wasu sunaye, suka bar ƙofar ƙarin 'yan dubban shekaru. Magadansu ne suka rufe ta. Ken Ham, tsohon malamin makaranta ɗan Ostireliya, ya kafa ƙungiyar Answers in Genesis a 1994, ya buɗe gidan tarihin halitta a jihar Kentucky a 2007, a 2016 kuma ya buɗe jirgin Nuhu na katako mai tsawon ƙafa 510, inda mai ziyara ke biyan kuɗin shiga ya ga gumakan 'yan dinosa a cikin keji kusa da sauran dabbobi. Su sun koma kan shekara 6,000 daidai. A 2003 wata maɗaba'a da ke tafiya tare da su ta sake buga littafin Ussher da Turancin zamani, shekara 353 bayan fitowarsa ta farko.